Kwana sittin a kogon Scarasson: nazarin lamarin Michel Siffre da agogon jikin ɗan Adam

A ranar 16 ga Yuli, 1962, wani matashi ɗan ƙasar Faransa mai suna Michel Siffre, masanin duwatsu wanda a lokacin yake da shekara 23, ya sauka cikin kogon Scarasson da ke tsaunukan Alps, a kan iyakar Faransa da Italiya. Ya kafa tantinsa a kan wata daskararriyar ƙanƙara da ke kwance fiye da mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, wurin da hasken rana ba ya isa ko da tsakar rana. Bai sauka da agogo ba, ba shi da kalanda, ba shi da rediyo, kuma ya yi yarjejeniya da mutanen da ya bari a bakin kogon cewa komai wuya ba za su faɗa masa ƙarfe nawa ba, balle kwanan wata. Ya zauna a can wata biyu. Abin da aka gano daga wannan zama har yau ana karantar da shi ga ɗaliban ilimin halayyar ɗan Adam idan aka zo babin barci, kuma ya cancanci a bi shi daki-daki, domin yawancin masu ba da labarin sukan tsaya a rabinsa.

Asalin tafiyar ba ta da alaƙa da barci. Shekara guda kafin nan Siffre yana cikin waɗanda suka gano ƙanƙarar, niyyarsa kuwa ita ce ya yi kamar kwana 15 yana nazarinta. Daga baya ya ga kwanakin sun yi kaɗan, ya mayar da su wata biyu, sannan tunani ya zo masa cewa tun da zai daɗe haka cikin duhu, gara ya ajiye agogo ya ga yadda jiki zai tafiyar da kansa idan babu mai gaya masa lokaci. Zamanin ma ya dace da tambayar. Yuri Gagarin ya zagaya duniya a kumbo a 1961, jiragen ruwa masu nutso suna yin makonni ba su leƙo sama ba, manyan ƙasashe kuma suna gina maɓoya a ƙarƙashin ƙasa saboda tsoron yaƙin nukiliya.

Tsarin gwajin ba shi da sarƙaƙiya. Wayar tarho guda ɗaya ta haɗa tantin da bakin kogon, kuma Siffre ne kaɗai ke da ikon kira. Zai kira idan ya farka, zai kira idan zai ci abinci, zai kira idan zai kwanta, su kuwa na sama su rubuta ainihin lokacin a littafinsu su ja bakinsu su yi shiru. A lokacin kiran yakan auna bugun zuciyarsa, sannan ya ƙirga daga 1 zuwa 120, yana ƙoƙarin ba kowace lamba sakan ɗaya. A ƙasa shi ma yana da nasa littafin, inda yake rubuta awannin da yake zaton sun wuce da kwanan watan da yake jin ana ciki. Littattafai biyu ke nan suna tafiya tare, ɗaya yana bin agogo ɗaya yana bin zato, kuma darajar gwajin gaba ɗaya tana cikin gwama su.

Zaman ya yi tsanani ƙwarai. Sanyin wurin yana dab da ma'aunin daskarewar ruwa, laimar iska ta kai kashi 98 cikin 100, tantin kullum a jiƙe, ƙafafunsa ba su taɓa bushewa sosai ba. Haskensa ƙaramin kwan fitila ne. Lokaci-lokaci duwatsu da gutsattsarin ƙanƙara sukan ɓalle su faɗo kusa da shi cikin duhu. Shi da kansa ya ce zafin jikinsa ya sauka har zuwa digiri 34, alhali na mai lafiya yana wajen 37.

A ranar 14 ga Satumba na sama suka karya shirunsu suka sanar da shi cewa lokaci ya cika. Bai yarda ba da farko, domin a littafinsa ranar 20 ga Agusta ce, yana ganin saura kusan wata guda a gabansa. Kwana 60 sun wuce a duniya, shi kuwa 35 ya ƙirga. Da aka fito da shi a galabaice yake, an rufe masa idanu da baƙin tabarau don kada haske ya cutar da su.

Abin da littafin sama ya nuna

Da aka jera lokutan kiransa, sai aka ga abin da shi kansa bai san yana yi ba. Barcinsa bai wargaje ya koma gyangyaɗi nan da can ba, kamar yadda mai hankali zai iya tsammani ga mutumin da dare da rana suka zame masa ɗaya. Yana farkawa, ya yi yininsa, ya kwanta ya yi dogon barci, sannan ya sake farkawa, kuma idan aka ɗauki matsakaici, daga farkawa zuwa farkawa awa 24 ne da kusan rabi. Rabin awa kamar ba komai ba ne, amma yana taruwa. Bayan kwana 24 ya zama awa 12, wato lokacin da mutanen sama ke cin abincin rana shi yana tsakiyar barcinsa, bayan wasu kwana 24 kuma ya zagayo ya sake daidaita da su ba tare da ya sani ba.

Wannan ya ƙarfafa ra'ayin da masana suka daɗe suna kai-kawo a kansa, cewa kaɗawar yini tana fitowa ne daga cikin halitta, rana kuwa saiti kawai take yi mata. Tun a 1729 wani masanin taurari Bafaranshe, de Mairan, ya lura cewa wani tsiro mai naɗe ganyensa da dare yana ci gaba da buɗewa da rufewa a kan kari ko an kulle shi cikin duhu. A 1938 Nathaniel Kleitman da ɗalibinsa Bruce Richardson sun yi kwana 32 a kogon Mammoth na jihar Kentucky a Amurka, suna ƙoƙarin rayuwa a kan yini mai awa 28, kuma jikin Kleitman ya ƙi sakin awa 24 ɗinsa. A 1959 Franz Halberg ya raɗa wa irin wannan kaɗawa suna daga kalmomin Latin biyu, circa da dies, ma'ana kusan yini. Siffre ya nuna wannan "kusan" a jikin mutum mai rai wanda ba a tilasta masa wani jadawali ba.

Inda agogon yake a jiki ba a tabbatar ba sai bayan shekara goma. A 1972 ƙungiyoyi biyu na masu bincike a Amurka suka nuna cewa idan aka lalata wani ɗan curin ƙwayoyin jijiya a ƙasan ƙwaƙwalwar ɓera, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu ke gittawa, sai kaɗawar yininsa ta watse. Curin, wanda masana ke taƙaita sunansa da SCN, bai fi ƙwayoyi 20,000 ba. A 1990 aka dasa irin wannan curi daga wasu dabbobin gwaji masu gajeren yini na kusan awa 20 zuwa ga waɗanda aka cire wa nasu, sai masu karɓar suka koma yini mai awa 20 irin na masu bayarwa. Kaɗawar kanta daga ƙwayoyin gado take: wasu sunadarai suna taruwa a cikin ƙwayar halitta har su kashe umarnin da ke ƙera su, su ragu, umarnin ya sake tashi, kuma zagayen yana cin kusan yini guda. A kan wannan aiki ne Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka sami kyautar Nobel a 2017.

Ina kwana 25 suka tafi?

A nan ne ake yawan yin kuskure wajen ba da labarin. Sau da yawa akan ce Siffre ya ɓata lissafin kwanaki ne saboda yininsa ya fi awa 24 tsawo. Lissafi bai yarda da haka ba. Rabin awa sau 60 awa 30 ne, wato kwana ɗaya da 'yan awanni. Da a ce yana ƙirga kowane dogon barci a matsayin dare guda, da kuskurensa bai wuce kwana ɗaya ko biyu ba. Sauran kwana ashirin da wani abu sun salwanta ne a wajen ƙiyasi. Yakan yi yini cur a farke ya ɗauka 'yan awanni ne suka wuce, don haka idan barci ya zo masa sai ya ɗauke shi a matsayin ɗan kishingiɗar rana, alhali barcin dare cikakke ya yi. Ya tashi ya ci gaba da rubuta kwanan watan jiya. Jikinsa yana riƙe da lokaci kusan daidai, hankalinsa kuwa bai da hanyar karanta wannan agogo da ke cikin kansa, kuma a ganina wannan shi ne babban abin da lamarin ya koyar a fagen ilimin halayya.

Ƙirgen da yake yi a waya ya nuna abu iri ɗaya a ƙaramin ma'auni. Ƙirga 120 ya kamata ya ci minti biyu, shi kuwa yakan kai minti biyar kafin ya gama, yana mai jin cewa bai yi jinkiri ba. Abin lura shi ne ma'aunan biyu sun yi kusa da juna: a ƙirge minti biyar sun zame masa biyu, a kalanda kwana 60 sun zame masa 35. Duk ta inda aka duba, lokacin da yake ji ya kai kusan rabin wanda ya wuce.

Akwai bayani biyu da nake ganin suna da ƙarfi, kuma ba sa kore juna. Na farko shi ne wanda Siffre ya fi jingina da shi, wato tunawa. Mutum yana auna tsawon abin da ya wuce ne da yawan abubuwan da zai iya tunawa sun faru a cikinsa. A cikin kogon babu safiya, babu baƙo, babu sauyin yanayi, duhun jiya shi ne na yau, saboda haka ƙwaƙwalwa ba ta da ƙugiyar da za ta rataye kwanakin a kai. Ya ba da labarin cewa yakan kasa tuna abin da ya yi kwana ɗaya ko biyu da suka wuce. Yini goma da ba su bar wata alama ba, idan aka waiwaya, sai su dunƙule su zama kamar uku.

Bayani na biyu sanyi ne, kuma ba a cika ambatonsa ba. A 1933 wani masanin aikin jiki a Amurka, Hudson Hoagland, ya lura cewa matarsa da ke fama da zazzaɓi tana ƙirga sakan 60 da sauri fiye da ƙima, kuma saurin yana ƙaruwa idan zazzaɓin ya hau. A 1966 Alan Baddeley ya gwada masu nutso a ruwan sanyi a Birtaniya ya ga akasin haka, wato bayan jikinsu ya yi sanyi sai ƙirgensu ya yi nauyi. Mutumin da zafin jikinsa ya sauka zuwa digiri 34 yana cikin wannan rukuni na biyu. Tunawa tana iya bayyana ɓatan kwanaki, amma da wuya ta bayyana dalilin da ƙirgen minti biyu zai koma biyar, domin ƙirge ba ya buƙatar waiwaye. Gwajin Scarasson ba zai iya raba tasirin sanyi da na kaɗaici ba, tun da mutum ɗaya ne a wuri ɗaya, kuma duka biyun sun same shi a tare.

Yini mai awa 48

Bayan Scarasson, Siffre ya shirya wa wasu irin wannan zama. A tsakanin 1964 da 1965 wata ungozoma, Josie Laures, ta yi kwana 88 a wani kogo, Antoine Senni kuma ya yi 126 a wani. A cikin waɗannan gwaje-gwaje da na bayansu wasu mutane suka faɗa wani zagaye na ban mamaki, su yi wajen awa 36 a farke, su yi barcin awa 12 ko fiye, su tashi suna ganin yini ɗaya ne ya wuce. Rundunar sojan Faransa ta sa kuɗi a binciken, domin tana son sanin ko soja zai iya ninka lokacin da yake a farke.

A ranar 14 ga Fabrairu, 1972, Siffre ya shiga kogon Midnight kusa da Del Rio a jihar Teksas, inda ya yi kwana 205, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, kuma tana da hannu a aikin. Wannan kogon yana da ɗumi, kuma a wannan karon an liƙa masa na'urori masu auna zafin jiki da aikin ƙwaƙwalwa. Yawancin lokaci zagayensa ya ɗan haura awa 24, amma sau biyu ya faɗa zagayen awa 48, kuma bai iya bambance dogon yini da gajere ba. Zaman ya ci shi. Na'urar kiɗansa ta lalace, littattafansa suka yi fumfuna, baƙin ciki mai tsanani ya rufe shi. Wani ɓera da ke zuwa wurinsa ya zama abin da yake ɗokin gani, ya yi ƙoƙarin kife shi da kwano don ya zame masa abokin zama, gefen kwanon ya faɗa wa ɓeran ya mutu. Ya fito da raunin gani da bashi mai yawa. Ko da yake shi ya zaɓi shiga da ƙafarsa, bai kamata mai karanta alƙaluman ya manta da abin da aka biya kafin a same su ba.

Fassarar yini mai awa 48 ta fito ne daga Jamus. Jürgen Aschoff da Rütger Wever sun gina ɗakunan ƙarƙashin ƙasa a Andechs da ke yankin Bavaria, inda mutane da yawa suka zauna makonni ba agogo. A wasunsu an ga barci da farkawa sun tafi da nasu tsawon, wani lokaci ya haura awa 30, alhali zafin jiki yana ci gaba da hawa da sauka a kan kusan awa 25. Agogon bai tsaya ba, barcin ne ya saki hannunsa. A 1982 Alexander Borbély ya tsara bayanin da har yau ake aiki da shi, cewa abubuwa biyu ne ke juya barci. Ɗaya bashin barci ne, wanda ke taruwa muddin mutum yana farke, yana kuma da alaƙa da sinadarin adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa (shi ne wanda kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da shayi, ke toshe wa hanya). Ɗayan kuma agogon SCN ne, wanda ke aiko da saƙon farkawa a wasu sa'o'i ya janye shi a wasu. Idan mutum ya wuce ƙofar barcin da agogo ya buɗe masa, saƙon farkawa yakan dawo ya ɗauke shi har zagaye na gaba, ko da bashin yana ƙaruwa.

Wannan ne ma ya sa tsawon barci bai dogara ga gajiya kaɗai ba. Bincike a irin waɗannan ɗakuna ya nuna cewa wanda ya kwanta a daidai lokacin da zafin jikinsa ya kai ƙasa, abin da ga mai barcin dare ke faruwa da asuba, barcinsa yakan yi gajarta domin agogo ya kusa tashinsa, wanda kuwa ya kwanta zafin yana sama yakan yi dogon barci. A cikin barcin kansa akwai ƙaramin zagaye na kusan minti 90, mai maimaituwa sau huɗu zuwa shida a dare. Barci mai nauyi yana yawaita a farkon dare domin shi ke biyan bashi, barcin motsin ido kuwa, wanda Eugene Aserinsky da Kleitman suka gano a 1953 kuma aka fi yin mafarki a cikinsa, yana yawaita wajen asuba domin agogo yake bi.

Matsalar fitilar

Akwai aibi guda a gwajin Scarasson wanda ya shafi na Andechs ma, kuma ba a gane girmansa ba sai daga baya. Siffre ne ke kunna fitilarsa idan ya farka, shi ke kashe ta idan zai kwanta. A wancan lokaci ana zaton hasken ɗaki bai isa ya taɓa agogon ɗan Adam ba, har ana ganin hulɗa da mutane ta fi haske tasiri a cikin abubuwan da Aschoff ya kira zeitgeber, wato masu ba da lokaci. A 1980 Alfred Lewy da abokan aikinsa suka nuna cewa haske mai ƙarfi yana dakatar da fitar melatonin, sinadarin da jiki ke saki da dare, bayan haka kuma aka tabbatar cewa hasken ɗaki na yau da kullum ma yana matsar da agogon. Hasken da ya shiga ido a farkon daren jiki yana tura agogo baya, wanda ya shiga da safiyar jiki yana jawo shi gaba. Mutumin da ke zaune da fitila a kunne har sai barci ya rinjaye shi yana tura agogonsa baya kowace rana da hannunsa.

Charles Czeisler da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun kauce wa wannan tarko ta hanyar komawa ga dabarar Kleitman. Sun sa mutane rayuwa a kan yini mai awa 28 cikin haske mai rauni, tsawon da agogon jiki ba zai iya bi ba, don haka sai ya sake shi ya tafi da nasa, su kuma suna auna zafin jiki da melatonin da kotisol, wani sinadarin jiki da ke ƙaruwa da safe. Sakamakon da suka buga a 1999 ya nuna matsakaicin awa 24 da minti 11. Adadin Siffre ya ɗan yi yawa ke nan, na Andechs mai awa 25 ya fi shi yawa, amma alkiblar da ya nuna daidai ce: agogon yawancin mutane ya ɗan fi yinin duniya tsawo, kuma hasken safiya ne ke datse rarar kullum. Shaida mai ƙarfi a kan haka tana wurin makafin da idanunsu ba sa karɓar haske ko kaɗan. A 1977 aka buga rahoton wani makaho da ke zaune cikin jama'a, yana da agogo da aiki da lokutan cin abinci, amma jikinsa yana tafiya a kan awa 24.9, har ya zama kowane 'yan makonni darensa na komawa rana. A 2002 aka gano ƙwayoyin da ke kai wannan saƙo daga ido zuwa SCN, masu ɗauke da sinadarin melanopsin, waɗanda suka fi jin haske mai launin shuɗi.

Siffre ya sake komawa ƙarƙashin ƙasa yana da shekara 60, bayan ya ga ɗan sama jannatin Amurka John Glenn ya koma sararin samaniya yana da 77 a 1998. Yana son ya ga ko tsufa ya sauya masa agogo, tambayar da binciken Harvard ya taɓa a 1999, inda aka ga tsawon zagayen tsofaffi da na matasa kusan ɗaya ne. Ya shiga kogon Clamouse a kudancin Faransa a ranar 30 ga Nuwamba, 1999, ya yi bikin shiga shekarar 2000 shi kaɗai bisa lissafin littafinsa, 'yan kwanaki bayan mutanen sama sun gama nasu, ya fito a ranar 14 ga Fabrairu. Ya rasu a birnin Nice, inda aka haife shi, a watan Agustan 2024, yana da shekara 85.